Ƙwaron da Rodney Niemela Ya Kama

A ɗakin gwaji na ƙasa, inda babu taga ko ɗaya kuma na'urar sanyaya ɗaki ke hura wa mutum ƙeya ko ana zafi ko ana sanyi, babu wanda ya kai Rodney Niemela daɗewa. Shugabanni sun zo sun wuce, an sauya wa kamfanin suna, an sauya kafet, shi yana nan a kujerarsa ta kusurwa da rigar sanyinsa ruwan toka da kofin gahawar da ba ya yarda kowa ya wanke masa. Dogo ne mai ɗan ranƙwafawa, ba mai yawan magana ba. In ya yi dariya sai ka ɗauka tari ne ya sarƙe shi.

Aikinsa guda ne, ɗora babbar manhaja, wato wadda ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya, tun kafin a fitar da ita kasuwa. Kowace safiya masu rubuta ta a benen sama za su sauko da sabon zubi. Rodney ya share kwamfuta tas, ya zura faifai, ya danna, ya zauna yana kallon shuɗiyar sanda a fuskar kwamfutar tana rarrafe daga hagu zuwa dama. In ta kai ƙarshe lafiya, ya koma kan wata kwamfutar. In ta cije a hanya, ko fuskar kwamfutar ta yi baƙi, to ranar ta yi masa kyau, ya kama ƙwaro. Haka muke kiran kowace tangarɗa a sana'ar nan. Mu masu gwaji mutane ne da lalacewar abu ke faranta wa rai, kuma ba mu taɓa jin kunyar hakan ba.

Sana'ar tana da doka ɗaya da ta fi kowace ƙarfi: ƙwaron da bai fito sau biyu ba, mafarki ne. Za ka rubuta rahoto, ka zayyana abin da ka danna da abin da ya faru. Mutanen sama su gwada a nasu injin. In bai fito musu ba, sai su rufe rahoton da kalma uku, bai maimaitu ba. A wurinmu babu zagin da ya kai wannan ciwo, don abin da ake nufi shi ne ko ƙarya kake yi ko ba ka san aikinka ba. Saboda haka mai gwaji yakan horar da hannunsa. Idan abu ya lalace, kada ka gyara, kada ka motsa ko da waya ɗaya. Ka sake lalata shi daidai yadda ya lalace. Rodney ya fi mu duka iya wannan, kuma yana alfahari da shi.

Ɗan Astoria ne, can bakin kogin Columbia. Mahaifinsa Toivo masunci ne kamar kakansa da ya zo daga Finland. Shi kuwa Rodney da zarar ya taka jirgi cikinsa ke juyawa. Tsohon ya gwada shi ya sake gwadawa, ya gaji da wanke amai, ya ce, "Wannan na tudu ne." Bai faɗa da zafi ba, amma yaron ya riƙe. Da ya gama makaranta ya tattara ya koma birnin Portland, inda kamfaninmu yake. Yayarsa Aila ce ta zauna. Motar 'yan makaranta take tuƙawa, kuma bayan aurenta ya mutu ta dawo gidan tsohon ta ci gaba da kula da shi.

Da ƙafafun Toivo suka daina kai shi ko bakin tashar jiragen ruwa, sai bakinsa ya buɗe. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana amsa tambaya da gyaran murya ya koma ba ya shiru. Aila ta sayo makirfo, ta jona shi da kwamfutarta, ta girke shi a teburin kicin tsakanin gwangwanin sukari da farantin pulla, burodin nan nasu mai zaƙi. Tsohon ya riƙa zuba labari, rabi da Turanci rabi da harshen iyayensa: jiragen da ya yi aiki a kansu, mutanen da ruwa ya ci, shekarar da kifi ya yi yawa har aka rasa mai saye.

Takan kira Rodney a wurin aiki.

"Ka zo mana ƙarshen mako. Yau labarin gobarar masana'antar kifin gwangwani ya ba ni, har da waƙa. Baba fa, waƙa!"

"Bari mu fitar da wannan zubin tukuna."

"Wanda kuka ce za ku fitar tun kafin Kirsimeti?"

"An ɗaga."

"Kullum ana ɗagawa, Rodney. Shi fa Baba ba za a ɗaga masa ba."

Ba a ɗaga masa ba kuwa. Bayan an binne shi, ana shan gahawa da kyafaffen kifi a zauren coci, Aila ta ce za ta kwafi muryoyin a faifai ta raba wa dangi. Rodney ya ɗaga hannu.

"Kada ki taɓa. Faifan nan da kike saye na banza ne, 'yan shekaru kaɗan su ruɓe. Ni zan zo in yi shi yadda ya kamata."

Gaskiya ya faɗa game da faifan, abin haushin ke nan. Ita kuma ta saurare shi, don shi ne masanin kwamfuta na gidan. Bai zo ba. Muryar Toivo ta ci gaba da zama a wuri ɗaya tak a duniya, cikin tsohuwar kwamfutar da ke ɗan ɗakin bayan kicin.

Duk lokacin da aka kusa fitar da sabuwar manhaja, kamfanin yana da wata al'ada da muke kira makon kai-gida. Kwamfutocin ɗakin gwaji sun cika tsabta, ana so a ga yadda abin zai hau kan na mutane, waɗanda aka cusa wa tarkace shekara da shekaru. Sai a miƙa wa kowa faifai a ce ya je ya ɗora wa mata, ko suruka, ko maƙwabci. Wanda ya dawo da ƙwaro mafi girma a ba shi riga mai tambarin kamfani. Riga! Da riga ake aika mutum ya je ya kunna wuta a gidan danginsa, kuma mu riƙa rububin zuwa. Rodney ya tuna kwamfutar Aila, tsohuwa, mai datti, irin wadda ba ta da na biyu a ɗakinmu. Tafiyar da uba mai rai bai sa shi ya yi ba, faifai ya sa shi.

Aila ta tsaya a bakin ƙofar ɗan ɗakin ta naɗe hannu.

"Muryar Baba na ciki fa."

"Na sani. Shi ya sa na zo da wannan."

Ya fito da rumbun ajiya na waje, ɗan akwati baƙi mai waya. A nan babu abin da za a zarge shi da shi. Ya jona, ya kwafe komai, ya duba ya sake dubawa. Har ya buɗe ɗaya daga cikin muryoyin don ya tabbatar tana aiki. Aka ji ƙarar cokali a kofi, sai gyaran muryar tsohon, sai ya ce, "Abin naki ya fara ɗauka?" Rodney ya kashe. Tana aiki, abin da yake son sani ke nan.

Ya zura faifan. Sandar ta yi ta rarrafe har ta wuce rabi, sai ta tsaya. Fuskar ta yi baƙi. Da ya sake kunnawa, rumbun cikin kwamfutar ya zama fayau kamar an wanke ƙwarya. Aila ta dafe ƙirji ta jingina da bango.

"Kwantar da hankalinki," ya ce, yana shafa ɗan akwatin. "Ga su nan, ko ɗaya bai yi ciwon kai ba."

"To mayar mini da su yanzu."

"Ba yanzu ba. Kada ki taɓa komai. Ko wayar nan kada ki zare."

"Ɗakina ne fa, Auta, ba wurin da aka yi kisa ba."

Ya kamo hanyar Portland yana fito. Ƙwaron da ke cinye rumbu shi ne sarkin ƙwari, mutum sai ya yi ritaya bai kama irinsa ba.

Wanda ya rubuta ɓangaren ɗorawa wani ne Garrett Pruitt, mai yawo da silifa ko ana ruwa, mai magana yana tauna. Rodney ya rubuta rahoto, kafin a je hutun rana Garrett ya rufe shi. Bai maimaitu ba. Rodney ya hau bene, abin da ba ya yi sai dole.

"Dattijo, a tawa dai lafiya lau yake hawa," in ji Garrett, ko juyowa bai yi ba. "Na gwada a uku ma."

"Da idona na gani."

"Ni ma da idona na ga tsohuwar matata a mafarki, amma ban rubuta rahoto ba. Ka tabbata yayar taka ba ta zuba wa injin gahawa ba? Ko rumbun ne dama ya tsufa ya mutu don kansa?"

Na kusa da su suka yi dariya.

"Kawo mini shi yana motsi, in yanka maka shi. In ba haka ba, Juma'a ake rufe ƙofa."

Rufe ƙofa na nufin daga ranar ba a karɓar gyara sai wanda aka tabbatar. Rodney ya sauko kunnuwansa sun yi ja. Ya bi kwamfutocin ɗakin ɗaya bayan ɗaya, sandar tana kaiwa ƙarshe lafiya kamar da gangan. Aila kuma tana ta kira.

"Ranar haihuwarsa ta kusa. So nake in zauna in ji shi, shi ke nan. Yaushe za ka zo?"

"Ina nan tafe."

Ana cikin haka ya gane abin da ya bambanta. A Astoria, bayan ya gama kwafa, bai zare ɗan akwatin ba. Yana jone lokacin da aka ɗora manhajar. Ya gwada haka a ɗakin gwaji da wasu rumbunan, shiru. Ashe sai an haɗa da wannan tsohuwar kwamfutar, da wannan akwatin, a wannan ramin da aka jona shi. Ya gaya wa kansa cewa in aka bar ƙwaron nan ya fita kasuwa, mutanen da bai sani ba za su rasa hotunansu da wasiƙunsu. Hakan gaskiya ne. Amma safiyar Alhamis da yake tuƙi a gefen kogi cikin yayyafi, ba fuskar waɗannan mutanen yake gani ba. Ƙeyar Garrett yake gani.

Ya tarar da Aila a gida tsakanin jigilar safe da ta yamma, tana kwaɓa pulla. Ta yi murna da ganinsa.

"Yau dai za ka mayar mini?"

"Eh. Bari in duba wani abu tukuna."

Ya shiga ɗan ɗakin ya tura ƙofa. Ya mayar wa kwamfutar tsohuwar manhajarta, ya kafa kyamara tana kallon fuskarta don shaida. Sannan ya dubi ɗan akwatin, fitilarsa koriya tana ƙyaftawa, muryar uban nasu gaba ɗaya a cikinsa. Ko yaron da ke bayan motar Aila zai ce maka a kwafe tukuna. Akwai shagon kayan kwamfuta a gangaren tudu, zai iya sayo wani rumbun. Amma kwafar za ta cinye yinin, ga tafiya a gabansa. Kuma ai ya san ƙwaron, ya gan shi da idonsa, na ciki yake ci, ba ya taɓa na waje. Zarewa kuwa ba ta ma taso ba, don in ka zare, ba gwaji ɗaya kake yi ba. Sabo turken wawa. Hannunsa ya yi abin da aka horar da shi a kai, bai motsa ko da waya ɗaya ba. Ya zura faifan ya danna.

Sandar ta wuce rabi. Ta tsaya. Fuskar ta yi baƙi.

Rodney ya daki tebur har kyamarar ta girgiza. "Na kama ka, shege! Na kama ka!"

Wannan tarin nasa na dariya ya cika gidan. Aila ta turo ƙofa da gwiwar hannu, gari har wuyan hannunta, fuskarta fal fara'a. Rabon da ta ji ƙanenta yana murna haka tun suna yara.

"Sun dawo?"

Da sauran dariyar a bakinsa ya sake kunna kwamfutar. Ta tashi lafiya lau da tsohuwar manhajarta, babu abin da ya taɓa rumbun ciki. Ya tsaya yana kallo. Sannan ya buɗe ɗan akwatin. Babu komai. Ya rufe ya sake buɗewa. Babu komai.

Daga baya aka gano dalili, kuma ba wani abin mamaki ba ne. Manhajar takan ƙirga rumbunan da ta tarar, ta share wanda ta ɗauka na farko. A wannan tsohuwar kwamfutar ƙirgar takan rikice, wani lokaci na ciki ya zo farko, wani lokaci na waje. Rodney ya ga ƙwaron sau ɗaya ya ɗauka ya san halinsa.

"Rodney. Me ya faru?"

Ya yi mata bayani. Ya yi shi a tsare, mataki bayan mataki, yadda ya saba rubuta rahoto, don bai san wata hanyar magana ba. Ta saurara har ƙarshe.

"Tsaya. Abin da ya cinye su ranar nan, shi ka sake yi?"

"Dole a maimaita, Aila. In ba a maimaita ba, ba za su yarda ba."

"Su wa?"

Ya juya ya dubi kyamarar.

"Kuma ihun da na ji, na mene ne? Murnar me kake yi?"

Ta dubi hannayenta kamar ba ta san inda garin ya fito ba, ta goge su a jikin wando. Ya ji ta kashe murhu, ya ji ƙarar makullai.

"Yara na jira na," ta ce daga kicin. "Ka ja ƙofa in za ka fita."

Ya kai akwatin wurin masu ceto rumbu a Portland. Suka ce da sharewa kaɗai aka yi da sun iya, amma manhajar ta riga ta rubuta kanta a kai. Abin da suka tsamo masa 'yan gutsattsarin ƙara ne, shuu kawai, babu kalma ɗaya da za a gane.

Ranar Juma'a kuwa ya hau bene da hoton kyamarar. Na sha jin mutane na mamakin yadda ya iya. Ni ban yi mamaki ba, me kuma ya rage masa? Garrett ya kalla, ya daina tauna.

"Tabɗi. Wannan babba ne. Da ya fita da mun shiga uku. Aikinka ya yi kyau, dattijo."

Kafin a tashi aiki ya gyara, 'yan layuka ne ba su cika tafin hannu ba. Aka kira sunan Rodney a taro aka yi tafi, aka miƙa masa rigarsa. Ta yi masa kaɗan. Babu wanda ya tambaye shi me ke cikin akwatin, shi ma bai faɗa ba sai bayan shekaru.

Ya ci gaba da zama a kusurwarsa har aka sayar da kamfanin, sababbin masu shi suka kwashe aikin gwaji zuwa wata ƙasa. Yanzu kwamfutocin wani ɗakin karatu na gunduma yake gyarawa. Ya ƙara ranƙwafawa. Duk wanda ya zo masa da matsala sai ya tsare shi da wa'azin a riƙa ajiye kwafi biyu, har mutane ke gudunsa.

Aila ba ta yanke shi ba, kuma da ta yanke shi da ya fi masa sauƙi. Duk Kirsimeti tana ajiye masa faranti. Tana tambayarsa motarsa da ciwon bayansa. Maganar ce dai ba ta sake tayarwa ba. Ta yi ƙoƙarin tattara labaran daga kanta, sai ta tarar ta dogara da makirfon fiye da yadda ta zata. Lokacin da tsohon ke magana, ita tana wanke-wanke, tana juya miya, tana saurare da rabin kunne, don ai ana ɗauka. Abin da ya rage mata kan labari ne babu gindi, kuma kowace shekara sai wani ya zube.

Wata ranar Laraba da rana ta kira shi yana ƙarƙashin tebur yana jona waya.

"Rodney, mutumin nan da ya faɗa ruwa a bakin teku, wanda Baba ya jawo da gashin kai, daga baya ya sa wa ɗansa sunan Baba. Wane ne? Ɗan'uwan Mama ne ko maƙwabci? Tun safe nake nema, ya ƙi zuwa."

Ya fito daga ƙarƙashin teburin ya zauna a ƙasa.

"Ban sani ba, Aila. Ban taɓa jin labarin ba."

"Na san ba ka sani ba."

"To me ya sa kika..."

"Wa kuma zan tambaya?"

Sannan ta ce kada ya manta ya zo da kujerun nan masu naɗewa ranar Lahadi, ta ajiye waya.